“WASTE” DA “WASTAGE”: ɓARNA DABAN, ASARA DABAN

Akwai waɗansu kalmomin Turanci da suke kama da juna kamar tagwaye, har ɗalibi ya ɗauka duk wadda ya kama ta yi. Daga cikinsu akwai “waste” da “wastage”. Muna ganinsu a littafin aikin gona da na tattalin arziki da na kiwon lafiya. Muna jinsu a labaran rediyo. Muna kuma samunsu cikin rahoton da ma'aji yake karantawa a taron iyayen yara ko na ikkilisiya. Da yawa cikinmu mun ɗauka cewa “wastage” ita ce “waste” da ta sa babbar riga, wato kalma ɗaya ce, sai dai ɗaya ta fi ɗaya kwarjini. Amma kowacce da aikinta, kuma wanda ya musanya su yakan faɗi abin da bai yi niyya ba.

A nan za mu duba inda kalmar “wastage” ta fito, da abin da ya raba ta da 'yar'uwarta, da ƙa'idojin sa ta cikin jimla, da wuraren da masu sana'a da ma'aikata suke amfani da ita. Daga ƙarshe za mu ga abin da ya sa ya kamata mu buɗe kunne sosai duk lokacin da muka ji an ambace ta.

ASALIN KALMAR

Kalmar “waste” ba 'yar asalin Ingila ba ce. A shekarar 1066 mutanen Nomandi, wani yanki na arewacin Faransa, suka ci Ingila da yaƙi a ƙarƙashin shugabansu Wiliyam. Suka zo da irin nasu Faransanci, ya zama harshen fada da na shari'a shekaru masu yawa. A wannan zamani ne dubban kalmomi suka shiga Turanci, har da wannan. In aka bi saiwarta can baya, za a tarar da kalmar Latin “vastus”, wadda take nufin kango, ko fili fetal wanda ba kowa ba komai. Shi ya sa ɗaya daga cikin tsofaffin ma'anoninta a Turanci ita ce ƙasar da ba a noma ta, ba a kuma zama a cikinta. Tana kuma nufin abin da aka mai da shi kango, da abin da aka lalatar, da abin da aka kashe a banza.

A cikin Littafi Mai Tsarki na Turanci wanda aka buga a 1611, zamanin Sarki Jemis na Ingila, da kalmar “wasted” aka bayyana abin da ɓataccen ɗa ya yi da rabonsa na gado a Luka sura 15. Amma “wastage” ba ta cikin wannan fassara. Ita sai a ƙarni na 18 ta samu gindin zama a rubuce-rubucen Turanci.

An ƙera ta ne ta hanyar liƙa wa “waste” ɗafa-ƙeyar nan “-age”, wadda ita ma daga Faransanci ta zo. Mun san kalmomi da dama masu wannan ɗafa-ƙeya. “Leakage” shi ne abin da ya tsiyaye. “Breakage” shi ne abin da ya fashe. “Spoilage” shi ne abin da ya ruɓe. “Shrinkage” shi ne abin da ya tsuke ko ya ragu. “Postage” kuɗin aika wasiƙa ne, “mileage” kuwa yawan mil ɗin da mota ta ci. In muka lura za mu ga abu ɗaya ya haɗa su, wato duk kalmomin awo ne da lissafi. Suna amsa tambayar “nawa ne?” To, ita ma “wastage” 'yar wannan gida ce. Ma'anarta ita ce yawan abin da aka rasa ta hanyar yoyo, ko ruɓewa, ko lalacewa, ko rashin tattali.

INDA SUKA RABU

Harshenmu zai taimake mu a nan, domin Hausa ta riga ta raba waɗannan abubuwa. Muna cewa yaro ya zubar da mai, muna kuma cewa mai ya zube. Muna cewa ta fasa tulu, muna kuma cewa tulu ya fashe. A jimla ta farko akwai mai yi, ana iya kiransa a yi masa faɗa. A ta biyu abin ya auku ne kawai, ba a ambaci kowa ba. “Waste” ta fi kusa da zubarwa, “wastage” kuma ta fi kusa da zubewa.

Kalmar “waste” tana da ayyuka da yawa. Tana zama aikatau, wato a ɓarnatar da abu. Tana zama suna mai nufin ɓarna ko almubazzaranci. Tana kuma zama suna mai nufin shara, wato abin da ya rage bayan an gama aiki, wanda za a kwashe a kai juji. Ita kuwa “wastage” suna ce kaɗai, kuma babban aikinta shi ne nuna yawan asarar.

Bari mu ɗauki misalin ruwa. An cika sabuwar randa da daddare, da safe aka tarar ruwan ya ja baya saboda randar tana tsattsafo. Ba wanda ya yi laifi. Wannan raguwa ita ce “wastage”. Wani ɗalibi ya buɗe famfo ya tafi wasa ya bar ruwa yana kwarara. Abin da ya yi “waste” ne, wato ɓarna. Ruwan wanki mai kumfa da aka watsar a bayan ɗakin kwana shi ma “waste” ne, amma da ma'anar ƙazantar da aka gama da ita. Sa'an nan a ƙarshen wata mai kula da tankin makaranta ya zauna ya lissafa ruwan da aka tura da wanda ya kai ga masu amfani. Giɓin da ya samu, ko na yoyon bututu ne ko na famfon da aka bari a buɗe, duka zai rubuta shi a matsayin “wastage”.

Saboda haka in ka rasa wadda za ka ɗauka, ka yi wa kanka tambayoyi uku. Ina so in ce wani ya yi ɓarna ne? To, “waste”. Abin da nake magana a kai, ana iya share shi a zuba a kwandon shara? To, “waste”. Ina so in faɗi nawa ne ya ragu tsakanin abin da ya shigo da abin da aka mora? To, nan ne gidan “wastage”.

ƘA'IDOJIN SA TA CIKIN JIMLA

1. Rubutu. In za a liƙa ɗafa-ƙeyar, harafin “e” na ƙarshen “waste” yana faɗuwa. Haruffa bakwai ne: w-a-s-t-a-g-e.

2. Furuci. Gaɓa biyu ce, kuma a ta farko ake danna murya. Ana faɗinta kamar “weis-tij”. Ƙarshenta ba ya fita kamar kalmar “age” ta shekarun haihuwa.

3. Ba ta zama aikatau. Malam zai ce “Do not waste food”, wato kada a ɓarnatar da abinci. Ba yadda za a yi a sa “wastage” a wannan gurbi.

4. A daidaitaccen Turanci ana ɗaukarta sunan da ba a ƙirgawa, kamar ruwa ko gari. Ba a saba yi mata jam'i ba, ba a kuma saba sa mata “a” a gaba ba. Za a ce “much wastage” ko “little wastage”.

5. Akwai kalmomin da ta saba tafiya da su. “Wastage of water” ko “water wastage”, asarar ruwa. “Wastage rate”, yawan asara cikin ɗari. “To reduce wastage”, a rage asara. “To allow for wastage”, a yi tanadin abin da zai lalace tun kafin a fara aiki.

6. Akwai maganganun da suka riga suka daskare da “waste”, ba a taɓa su. Ɓata lokaci “a waste of time” ne, ɓarnar kuɗi “a waste of money” ce. Dattin masana'antu “industrial waste” ne, takardun da aka yar kuma “waste paper”.

Gaskiya ne a jaridun ƙasarmu, da na Indiya ma, mukan ga an rubuta “wastages” ko “wastage of time”. Turanci ya bazu a duniya, kowace ƙasa da irin nata salon. Amma masu duba takardun jarrabawa daidaitaccen Turanci suke bi, don haka ɗalibin da yake son makinsa ya tsaya kan ƙa'ida.

Akwai wani Bature masanin harshe, H. W. Fowler, wanda ya wallafa ƙamus na yadda ake amfani da Turanci a 1926. A ciki ya yi gargaɗi a kan halin nan na barin gajeruwar kalma a ɗauki doguwa don kawai a burge mai karatu. Wannan ciwo yana kama ɗalibai ƙwarai, musamman a lokacin rubuta insha'i. Hausawa sun ce da muguwar rawa gara ƙin tashi. Gajeruwar kalma a inda ta dace ta fi doguwa a inda ba gidanta ba.

A WURIN MASU SANA'A

Duk mai sana'ar hannu ya san “wastage” ko da bai taɓa jin kalmar ba. Tela ya san ba dukan yadin da aka kawo masa ne zai shiga jikin riga ba, sai an yanke wuya da hammata. Ƙyallayen da suka zuba a ƙasa “waste” ne. Amma ɗan ƙarin yadin da ya ce a sayo saboda yanka, wannan tanadin “wastage” ne. Kafinta ya san zarto yana cin katako. Magini ya san in aka sauke bulo daga mota waɗansu za su fashe, siminti kuma wani zai zube wajen kwaɓawa. Shi ya sa masu ƙididdigar kayan gini sukan ƙara wani abu a kan lissafi, kamar kashi 5 ko 10 cikin 100, gwargwadon irin kayan. A Indiya masu sayar da kayan ado na zinariya sukan caji mai saye wani kuɗi da suke kira da wannan suna, a madadin ɗan abin da ya salwanta wajen narkewa da yanka da gogewa.

Lissafin ba shi da wuya. A ce an sa buhu 200 na masara a siton makaranta a farkon shekara. Da aka tattara lissafi, aka ga buhu 188 ne suka kai ga tukunya. Giɓin buhu 12 ne. In aka raba 12 da 200 aka ninka da 100, za a sami 6. Wato “wastage rate” na wannan sito kashi 6 ne cikin 100. Wannan adadi bai gaya mana ko ɓera ne, ko ƙwari, ko danshi, ko hannun mutum ba. Ya dai gaya mana girman giɓin. Mu riƙe wannan, za mu komo kansa.

ASARAR ABINCI

A zamaninmu babu inda aka fi jin wannan kalma kamar a zancen abinci. A 2011 Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wato FAO, ta fitar da rahoto wanda ya ƙiyasta cewa kusan kashi ɗaya cikin uku na abincin da ake samarwa domin mutane ba ya shiga cikin kowa. Ta ce ya kai wajen tan biliyan 1.3 a shekara. Rahoton ya nuna cewa a ƙasashe masu arziki abinci mai yawa yana salwanta ne a kantuna da gidajen mutane, inda ake zubar da abincin da yake da kyau. A ƙasashe matalauta kuwa mafi yawa yana salwanta tun kafin ya kai hannun mai ci: a gona, a rumbu, a kan hanya.

A wani rahoto na 2013 hukumar ta raba kalmomin uku. “Food loss” shi ne abincin da ya lalace daga girbi zuwa kasuwa. “Food waste” shi ne abincin da ya isa ci amma aka zubar ko aka bari ya lalace. “Food wastage” kuwa ya haɗa duka biyun. Wannan ya yi daidai da abin da muka faɗa, domin kalmar jimla ce, ba ta damu da wanda ya jawo ba. A 2015 ƙasashen duniya suka sa wa kansu buri cewa kafin 2030 za a rage rabin abincin da ake zubarwa a kantuna da gidaje.

Mu a nan mun san kashi na farko da idonmu. Mun san kwandunan tumatir da ake lodawa daga Kano zuwa Legas, na ƙasa ya dame kafin a isa. Mun san buhun wake da aka ajiye da kaka, aka buɗe da bazara aka tarar ƙwari sun huda shi ya zama gari. Amma irin wannan asara tana da magani. Masu bincike na Jami'ar Purdue ta Amurka tare da abokan aikinsu a arewacin Kamaru sun gano cewa in aka zuba wake cikin leda mai kauri, aka ɗaure, aka sa cikin wata ledar aka ɗaure, sa'an nan aka sa cikin buhu, ƙwarin sukan shanye ɗan iskan da ke ciki su mutu, ba tare da an sa magani ba. Daga 2007 aka shiga yaɗa wannan buhu mai hawa uku, wanda ake kira PICS, a Nijeriya da Nijar da maƙwabtansu. Darasin a nan shi ne, abin da muka saba ɗauka ƙaddara ce sau da yawa yana da dalili, in kuwa aka gano dalilin ana iya rage shi.

A ASIBITI

Ma'aikatan lafiya suna da abin da suke kira “vaccine wastage”. Waɗansu magungunan rigakafi, kamar na ƙyanda da na tarin fuka, suna zuwa ne a matsayin gari cikin 'yar kwalba mai ɗauke da rabon yara da yawa. In aka haɗa garin da ruwansa, dole a yi amfani da shi cikin awa 6, abin da ya rage a zubar. A ce kwalba ta yara 10 ce, amma yara 6 aka kawo a ranar. Rabon yara 4 ya tafi, wato kashi 40 cikin 100. Duk da haka ana koya wa ma'aikata su buɗe kwalbar ko da yaro ɗaya ne ya zo, domin uwar da aka mayar gida ba lalle ta sake dawowa ba. Wannan ya nuna mana cewa ba kowace “wastage” ce abin kunya ba. Wata asarar ita ce kuɗin yin abin da ya kamata.

Har wa yau likitocin Ingila sukan ce “muscle wastage”, wato shanyewar tsokar majiyyacin da ya daɗe a kwance. Amma ga yaron da ya rame ƙwarai saboda rashin abinci, har nauyinsa ya kasa abin da ya dace da tsawonsa, kalmar da ake amfani da ita ita ce “wasting”. Ɗaliban da suke son shiga aikin jinya su lura da wannan.

IDAN AKA JUYO KAN MUTANE

A Turancin Ingila akwai maganar nan “natural wastage”. Ana nufin raguwar ma'aikata ba tare da an kori kowa ba. Wani ya yi ritaya, wani ya ajiye aiki, wani ya rasu, ba a kuma ɗauki waɗansu a madadinsu ba. A ce ma'aikata tana da mutum 500, kowace shekara 20 suna fita ta waɗannan hanyoyi. Bayan shekara 3 saura 440, ba a ba kowa takardar sallama ba. Amurkawa ba su cika faɗin haka ba, su “attrition” suke cewa. Mai karatu ya lura, maganar ba ta nufin ma'aikatan ba su da amfani. Ƙofar da suka bi suka fita kawai take nunawa.

Akwai inda kalmar ta fi wannan ɗaci. A Yaƙin Duniya na Ɗaya, daga 1914 zuwa 1918, hafsoshin sojan Ingila suna kiran sojojin da ake rasawa kullum a ramukan daga, a ranakun da ba wani babban gumurzu, da sunan “wastage”. Wannan ya haɗa da wanda harsashi ya samu, da wanda ya ji rauni, da wanda cuta ta kwantar. Ga mai lissafi a ofis adadi ne da za a cike da sababbin kurata. Ga iyayensu kuwa 'ya'ya ne.

A MAKARANTA

Wannan shi ne ya fi shafarmu. A 1929 wani kwamiti a ƙarƙashin Sir Philip Hartog ya binciki ilimi a Indiya, lokacin tana hannun Turawan Ingila. Ya nuna manyan matsaloli biyu a makarantun firamare. Ta farko ya kira ta “wastage”, wato yaran da suke barin makaranta kafin su gama. Ta biyu “stagnation”, wato yaran da suke maimaita aji. Dalilin kiran abin asara shi ne, yaron da ya fita tun bai ƙware da karatu ba yakan manta ɗan abin da ya koya, sai ya zama kuɗin da aka kashe da shekarun da ya yi sun tafi a banza. Daga baya hukumar UNESCO ta ɗauki kalmar, har ta wallafa littafi a 1971 a kan wannan matsala a duniya, inda aka haɗa masu fita da masu maimaitawa a ƙarƙashinta.

A ƙasarmu an buɗe ƙofar firamare kyauta ga kowa a 1976, sa'an nan dokar 2004 ta ce kowane yaro ya sami shekara 9 na ilimin tushe kyauta kuma dole. Amma shiga makaranta daban, gamawa daban. A ce yara 120 suka shiga aji ɗaya na sakandare, bayan shekara 6 aka yaye 90. In waɗancan 30 barin karatu suka yi, asarar kashi 25 ce cikin 100. Mun san dalilan: rashin kuɗin makaranta, rasuwar uba ko uwa, doguwar rashin lafiya, auren wuri, aikin gona ko kiwo. A yau marubuta da yawa sun fi son su ce “dropout rate”, domin ba su jin daɗin a kira ɗan mutum da kalmar da ake auna hatsin da ƙwari suka ci. Amma ɗalibin da zai shiga kwalejin horon malamai zai tarar da tsohuwar kalmar a littattafansa, sai ya san abin da take nufi.

ABIN DA YA SA ZA MU YI HATTARA

Yanzu mu koma kan buhunan masarar nan 12. Amfanin kalmar “wastage” shi ne tana ba mu damar auna asara ba tare da an fara rigima a kan wanda ya yi laifi ba. Haɗarinta kuma shi ke nan. Kowa ya san yaron da ya saki kwano, in aka tambaye shi sai ya ce, “Kwano ya faɗi.” Bai yi ƙarya ba, amma ya cire kansa daga cikin jimlar. Manya ma suna yin haka, sai dai su da Turanci suke yi. Abin da sakaci ya cinye, ko abin da aka fitar ta bayan gida, ana iya rubuta shi “wastage” a rahoto, jama'a su ji babbar kalma su gyaɗa kai a wuce.

Don haka duk wanda ya ji wannan kalma a taro, ko ɗalibi ne, ko malami, ko dattijon ikkilisiya, yana da haƙƙin ya yi tambaya uku cikin ladabi. Nawa ne? Me ya jawo shi? Wane kashi ne za a iya hanawa? Ba zargi ba ne. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Mai riƙon amana na gaskiya zai ji daɗin tambayar, domin ita ce za ta sa a gyara rufin sito, a sayi buhun da ya dace, a toshe ramin ɓera. Haka kuma in aka karanta mana yawan yaran da suka bar makaranta, mu nemi sanin su wane ne, da abin da ya fitar da su, da ko akwai wanda za a iya komo da shi.

Ga ɗalibai kuma, musamman masu shirin jarrabawar fita, ga abin riƙewa a taƙaice. In ɓarna kake nufi, ko shara, ko kana neman aikatau, ka ɗauki “waste”. In yawan abin da ya salwanta kake nufi, ka ɗauki “wastage”, kada ka yi mata jam'i. In ka yi shakka, “waste” ta fi faɗi, kuma da wuya ta ba ka kunya. Ku riƙa duba ƙamus tun yanzu, ku karanta misalan da aka bayar a ƙarƙashin kowace kalma, ku gwada ƙirƙiro naku ku kai wa malamin Turanci ya duba. Ba a fafe gora ranar tafiya. Allah ya ba da sa'a.